Filin Tambaya da Amsa: An yi tiyata lafiya, amma jiran ya hana ni bacci

Wannan karon wasiƙu uku na haɗa waje ɗaya, masu su ba su san juna ba amma kusan ciwonsu ɗaya ne, an gama aiki an sallame su daga asibiti, sai kuma zaman jira. Kamar kullum mun ɓoye sunaye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya ƙoƙari. Dan Allah ki taimaka min da shawara. Yau kwana 19 kenan da aka min tiyata aka cire min wani ƙari a mara, aikin alhamdulillah an yi shi lafiya har an cire zare, toh amma sun ce sun tura abun da suka cire leb, wato ɗakin gwaje-gwaje, za a duba ko mai illa ne ko a'a, likita ya ce sati biyu, ga shi sati biyun ya wuce da kwana biyar shiru kake ji. Anti wallahi bana bacci. Ƙarfe biyun dare zan farka in ɗau waya in ta bincike a intanet, duk abun da na karanta sai in ga kamar da ni ake. Ga jikin ma, wata rana in tashi garau har in ɗan yi shara, washegari ko banɗaki sai na dafa bango. 'Yan gida kowa cewa yake ai kin warke ki gode Allah, ni kuma na san ina gode masa amma kukan ya ƙi tsayawa. Shin jinkirin nan yana nufin sun ga mugun abu ne suke ɓoye min? Kuma yaushe jikin nan zai dawo nawa?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne. Sau uku na karanta saƙonki kafin in fara rubutu, saboda wannan ƙarfe biyun daren da kika faɗa na san shi. Shekarun baya nima an taɓa min aiki an tura nama leb, kuma har yau in na tuna kwanakin nan wayata nake fara gani, tana gefen filo, bini-bini in danna ta in duba ko na sa ta a sailent ban sani ba, ko caji ya ƙare, ko an kira ina banɗaki. Kira ya shigo gabana ya yanke ya faɗi, in duba in ga ƙawata ce. Toh kin ga ba daga nesa nake miki magana ba.

Bari in fara da abun da ya fi ci miki rai. Jinkirin sakamako shi kaɗai baya nuna komai, ba alamar sharri ba ce kuma ba alamar alheri ba ce. Da za ki ga hanyar da naman nan yake bi da hankalinki ya ɗan kwanta. Ana fara jiƙa shi a wani ruwan magani da ake kira fomalin don kar ya lalace ya kuma yi tauri, in naman babba ne wannan kawai yana cin kwana ɗaya ko biyu. Sai a yanko gutsattsari daga wurare daban-daban, a tsotse ruwan da ke cikinsu, a zuba su a cikin kaki irin na kyandir su daskare, sannan a sa na'ura ta shafto su siriri-siriri, sirantakar da gashin kanki ɗaya ya ninka ta fiye da sau goma. A ɗora a gilashi, a rina da launi biyu, sannan likitan da aikinsa kenan ya zauna da madubin ƙara girma yana bi ɗaya bayan ɗaya. In ƙarin babba ne gilasan suna da yawa. In akwai wani waje mai tauri kamar ƙashi sai an tausasa shi tukuna, kwanaki kenan. Wani lokaci ya ce a sake yanko masa, ko a yi wani rini na musamman, ko ya nuna wa abokin aikinsa don su tabbatar, kuma ana yin haka har ga ƙarin da a ƙarshe za a ce ba komai ba ne. Ga layi, don masu wannan aikin ba su da yawa kusan ko'ina.

Sannan akwai abun da ba a cika faɗa ba, sau da yawa takarda ta fito tana kwance a fayil ko a kwamfuta, kowa yana zaton wani ya kira mara lafiya. Saboda haka ƙanwata, ranar da aka ba ki ta wuce, lokacin zuba wa waya ido ya ƙare, ke za ki nema. Gobe da safe ki kira ko ki tura wani ya je. Ki tambayi lambar da aka ba naman a leb, ki tambaya sakamakon ya fito ko yana wane mataki, wa zai faɗa miki, kuma in bai fito ba wace rana za ki sake kira. Ki nemi a faɗa miki ranar da sunanta, Talata ko Alhamis, kar ki yarda da "za mu neme ki". Wannan ba rashin kunya ba ne kuma ba takura ba ce, jikinki ne, matambayi baya ɓata. Ranar karɓar sakamakon kuma kar ki je ke kaɗai, ki tafi da wanda kika yarda da shi da takarda da biro, don in gaba yana faɗuwa rabin abun da likita ya faɗa baya zama a kai.

Ba zan yi miki alƙawarin abun da takardar za ta ce ba, in na yi na yaudare ki. Amma zan faɗa miki wani abu game da halin da kike ciki yanzu. A 2016 wasu masu bincike a jami'ar UCL da ke Landan sun sa mutum 45 wani wasa a kwamfuta, ana ɗaga duwatsu, in aka tarar da maciji a ƙarƙashi sai a ɗan ja mutum da lantarki a hannu. Suna auna zufarsu da buɗewar ƙwayar idonsu. Abun da suka gani shi ne, waɗanda suka tabbatar za a ja su sun fi nutsuwa kan waɗanda abun yake rabi da rabi, ko a ja ko kar a ja. Wato jiki ya fi shan wahala da "ban sani ba" fiye da mugun labarin da ya tabbata. Rashin sani ya fi dare duhu, magabata sun riga sun faɗa. Ke yanzu a tsakiyar wannan rabi da rabin kike, don haka in kin ji kamar za ki zauce ba raunin imani ba ne, haka aka halicci ɗan Adam.

Maganar kuka kuwa, ina so 'yan gidanku su karanta wannan. Mutum yana iya gode wa Allah da zuciya ɗaya kuma hawaye na zuba. Bayan tiyata jiki ya sha maganin sa bacci, ya zubar da jini, yana shan magungunan kashe zafi, baccinsa ya rikice, ga mutum da ya saba yi wa kansa komai yanzu sai an miƙo masa. Kasala da saurin kuka a satuttukan farko abu ne da likitoci da nas-nas suka saba gani. Wanda ya ce miki "ai kin warke" fata ya gani ta haɗe, bai ga ciki ba.

Kuma cikin nan aiki ake yi ba dare ba rana. Kwanakin farko na kumburi ne da zafi, jiki yana share wajen. Daga nan zuwa kamar sati uku yana saƙa sabon nama. A sati ukun nan da kike ciki, ƙarfin wajen ɗinkin bai wuce kamar kashi 20 cikin 100 na ƙarfin fata lafiyayya ba, sai wajen wata uku yake kaiwa kusan kashi 80, kuma tabon yana ci gaba da gyara kansa har shekara ko fiye. Kin ga dalilin da yasa bayan aikin ciki ake yawan cewa kar a ɗau kaya mai nauyi har sati shida. Wannan sharar da kike yi ranar da kika ji daɗin jiki, da sunkuyo da miƙewa, ita ce kike biya washegari. Ina roƙonki ki ajiye tsintsiyar nan. Ranar da kika tashi garau ki yi rabin abun da kike jin za ki iya, ki bar sauran ƙarfin ya kwana a jikinki.

Amma fa ban ce ki kwanta ki miƙe ba. Da can haka ake yi, a kwantar da mutum kwana da kwanaki, sai wani likitan tiyata ɗan ƙasar Denmak, Henrik Kehlet, ya jagoranci canza wannan tunanin a shekarun 1990, yanzu asibitoci da yawa washegarin aiki ake tayar da mutum ya taka. Tafiya kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana tana motsa hanji, tana buɗe huhu, tana rage haɗarin daskarewar jini a ƙafa. Ni abun da ya taimake ni wani ɗan littafi ne, kullum da yamma in rubuta layi biyu, yau na taka daga gado zuwa ƙofa sau kaza, na sha maganin zafi sau kaza. In na gwada yau da jiya sai in ga kamar baya nake yi, amma in na buɗe shafin Litinin ɗin da ta wuce sai in ga ashe a lokacin ko tari ba na iyawa sai na danna filo a ciki na riƙe numfashi. Ki auna kanki da sati, kar ki auna da kwana, warkewa bata tafiya a miƙe.

Yanzu wayar nan ta tsakar dare. Intanet bata ga fayil ɗinki ba, bata san shekarunki ba, bata san kamannin ƙarin da aka cire ba, kuma masu rubuta labarinsu a can yawanci waɗanda abun ya zo musu da tsanani ne, wanda aka ce masa ba komai ya koma harkarsa bai rubuta komai ba. Ki sa wayar caji a inda sai kin sauko daga gado za ki kai gare ta. Ki ware wa damuwar lokacinta da rana, kamar minti 15 bayan la'asar, ki zauna ki rubuta duk abun da kike tsoro ba tare da kin tace ba, wanda yake tambaya ce ta likita ki ja masa layi. In tunanin ya zo da dare ki ce masa an rubuta ka, sai gobe. Daren farko ba lallai ya ji ba, amma ana sabawa. In bacci ya ƙi zuwa kar ki yi ta juyi, ki tashi zaune ki yi addu'arki, ki ja numfashi a hankali ki sake shi ya fi tsawon yanda kika ja, har jikin ya saki.

Da rana kuma ki nemi abun da zai cinye hankalinki gaba ɗaya. Akwai wata farfesa a jami'ar Kaliforniya ta Amurka, Kate Sweeny, da ta daɗe tana nazarin masu jiran sakamako, ta gano abun da ya fi sauƙaƙa jira shi ne aikin da mutum zai nutse a cikinsa har ya manta da agogo, wanda bai yi sauƙi da yawa ba kuma bai fi ƙarfinsa ba. Kallon waya ana turawa sama baya yin wannan aikin, hannu yana motsi zuciya tana can tana saƙe-saƙe. Saƙa, ɗinkin hannu, hadda, koya wa yaro karatu, duk wanda kika san in kin fara sai an taɓa ki kike jin kira. Kuma ki buɗe labule. A 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya duba fayilolin waɗanda aka cire wa matsarmama a wani asibiti a jihar Fensilbaniya ta Amurka, ya ga waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi sun riga masu kallon bangon bulo komawa gida da kusan kwana ɗaya, kuma sun fi su ƙarancin buƙatar maganin zafi mai ƙarfi. Ƙaramin bincike ne amma ni na yarda da shi, don na san yanda ɗaki mai duhu yake ƙara wa dare tsawo.

Sai abu na ƙarshe, kuma dan Allah ki karanta shi da kyau, akwai abubuwan da ba a yi musu haƙuri. Zazzaɓi da ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, wajen ɗinki ya yi ja yana faɗaɗa ko yana fitar da mugunya ko wari ko ya buɗe, zafin da kullum ƙaruwa yake maimakon raguwa, amai da ya ƙi tsayawa ko ciki ya kumbura ba bayan gida ba tusa, jini mai yawa, duk waɗannan a ranar ake komawa asibiti. In sharaɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe miki farat ɗaya ko ƙirji ya riƙe, wannan ko tsakar dare ne a tafi, don yana iya zama gudan jini. Haka zuciya ma, in baƙin cikin ya kai sati biyu kullum ba sassauci, ba abun da ke miki daɗi, ko kika fara jin gara ma ki mutu, ki faɗa wa likita ƙarara kamar yanda za ki faɗa masa zazzaɓi, yana da magani. Ki rubuto min in takardar ta fito, ko me ta ce.

TAMBAYA: Salam Anti. Ni namiji ne, na yi hatsari hannuna na dama ya karye wajen wuyan hannu, aka saka min ƙarfe kuma aka ɗinke wata jijiya da ta yanke. Sati bakwai kenan yatsuna uku kamar ba nawa ba. Duk zuwan da na yi likita cewa yake mu jira mu gani. Da hannun nan nake ci da iyalina Anti, kullum sai an tambaye ni yaushe zan koma aiki ni kuma ba ni da amsa.

AMSA: Sannu ƙanina, Allah ya ba da lafiya ya rufa asiri. "Mu jira mu gani" magana ce mai nauyi ga mai iyali, amma a wajen jijiya likitanka gaskiya yake faɗa maka. Ƙashi yakan haɗe tsakanin sati shida zuwa sha biyu, ita kuwa jijiyar ji in an ɗinke ta ba haɗewa take kamar wayar lantarki wuta ta kawo nan take ba, ɓangaren da ke gaba da yankan mutuwa yake, sai sabon zare ya tsiro daga wajen ɗinkin ya bi tsohuwar hanya har yatsa. Tafiyarsa kamar milimita ɗaya ce a rana, wajen inci ɗaya a wata, kuma satuttukan farko ma kafin ya kama hanya yake. Ka ɗau abun awo ka gwada daga tabon zuwa kan yatsanka, in ka samu santimita 18 toh lissafin wata shida kenan ko fiye. Kaga a sati bakwai ko tafin hannu bai gama shiga ba, rashin jin da kake yi yanzu bai ce aikin ya lalace ba.

In ka koma ka roƙi likita ya nuna maka yanda yake ɗan ƙwanƙwasa hanyar jijiyar, inda ka ji wani zirr kamar lantarki nan ne sabon zaren ya kai, in wajen yana matsawa gaba wata bayan wata toh ana tafiya. Kuma ka canza tambayar. Maimakon yaushe zan warke, ka ce likita me kake sa ran gani a wata na uku, in ba ka gan shi ba me za mu yi, akwai gwajin jijiya da za a min? Wannan yana da amsa. Ka tambaye shi kuma kashi nawa na ji da ƙarfi yake ganin zai dawo, don a manya ba kullum yake dawowa duka ba, gara ka ji daga bakinsa tun yanzu ka tsara rayuwarka.

Kafin nan kar ka yi wasa da motsa hannu da masu gashi da motsa gaɓoɓi suka koya maka, in yatsu suka sandare ko jijiyar ta iso ba abun da za ta motsa. Ka kiyaye yatsun daga wuta da ruwan zafi da wuƙa, za su ƙone ba ka ji ba, ka riƙa duba su da ido kullum. In kana shan taba ka ajiye, tana matse hanyoyin jini tana jinkirta haɗewar ƙashi. Maganar iyali kuma, ka zaunar da su ka faɗa musu lissafin nan na watanni yanda yake, ku yi shiri a kan mai tsawon, ka nemi abun da za ka iya da hagu ko da baki ko da sa ido a kan wani kafin lokacin. In ka ɓoye musu don kar hankalinsu ya tashi, shi zai sa su yi ta tambayarka.

TAMBAYA: Anti mahaifiyata ce aka yi wa aikin ƙugu, ta haura 70. Tunda muka dawo gida komai na yi faɗa, in na ce za ki warke Mama sai ta juya min baya. Me zan ce mata?

AMSA: Allah ya saka miki da alheri 'yata, jinyar uwa ba ƙaramin abu ba ne. Ki rage "za ki warke", ta ji shi sau ɗari kuma ita tsoronta ko za ta sake taka ƙafarta ba mai riƙe ta. Ki zauna kusa da ita ki ce Mama me ya fi damunki yau, ki yi shiru ki bari ta faɗa ko da abun ba daɗin ji. Ki bar mata zaɓi a ƙananan abubuwa, lokacin wanka, kayan da za ta sa, wanda zai shigo gaishe ta, don faɗan nan yawancinsa na wadda aka karɓe wa ragamar rayuwarta ne rana ɗaya. Ki faɗa mata abun da idonki ya gani, shekaranjiya mu biyu muka tayar da ke yau ni kaɗai.

Amma ki lura, in faɗan ya zo da ruɗewa farat ɗaya, ta kasa gane inda take ko wace rana ce, tana ganin abun da babu, ko ta yi ta bacci ba a iya tayar da ita sosai, wannan ba hali ba ne kuma ba tsufa ba ne kawai. Yana faruwa ga tsofaffi bayan tiyata, sau da yawa daga ciwon fitsari ko na huhu, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko maganin da take sha, a ranar za ki kira likita. Ke ma ki samu wanda zai karɓe ki ko dare biyu ne a sati ki yi bacci, kuma ki rubuta magungunanta da lokutansu a takarda ki manna a bango don duk wanda ya karɓe ki ya gani.